Ticha Filisiya da Layin Ruwan Tsakar Rana

Zafin bana ne ya tono mini wannan magana, shi da matar da ta kama ɗakin ƙarshe a gidana. Gifti sunanta, daga unguwar Sofoline ta nan Kumashi suka taso. Kirista ce, 'ya'yanta uku ba sa zuwa makaranta, wai ita ce makarantarsu. Shekaranjiya ina zaune a baranda ina fifita, gumi yana bin bayana har cikin zane, paipu, wato famfon ruwa, ko ɗigo babu, sai ga ta ta zo ta durƙusa da wannan ladabin nata mai santsi.

"Hajiya, alfarma nake roƙo. In rana ta take, ko jikokinki za su rage rediyo, a ɗan jinkirta dakan fufu? Lokacin nan kaɗai nake samu in keɓe da Ubangijina."

Na dube ta daga sama har ƙasa. Na ce, "Shi Ubangijin naki ba ya jin magana sai an kashe rediyo?"

Ta yi murmushi ta tashi. Jikata Memuna, wadda ke rubuta mini wannan don ni ban taɓa riƙe alƙalami ba, ta ce wai na yi mata tsauri. Tsauri! Mace da fanka a ɗaki, da ruwan leda a firij, da wasu 'yan abubuwa da take cusawa a kunne ta daina jin kowa, ita ce za ta koya mini neman shiru? Na ga wadda ta nemi shiru da gaske a cikin gidan nan, a shekarar da babu ruwa babu abinci. Ban so ta ba, har yau ba na son ta, amma bari in faɗa yadda aka yi.

Shekarar yunwa ce, wadda aka koro mutanenmu daga Legas suka dawo da jakunkuna a ka. Damina ta wuce kamar ba ta zo ba. Daga nan wuta ta kama dazuzzuka, ta cinye rogo da ayaba da gonakin koko. Da safe sai ki tarar baƙar toka ta sauka a kan shanyarki, ki share tsakar gida ta sake sauka. Rana kuwa, kafin hantsi kwanon rufi ya fara ƙara kamar ana taka shi. Ki je kasuwar Asawase ki ga tebura a jere babu komai sai ƙudaje. Mai dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, ba ta samun dafawa, ɗanye ake wawashe shi a hannunta, kowa ya je gida ya dafa nasa. Mun ci ɗanyar gwanda dafaffiya. Mun fasa ƙwallon kwakwar manja mun tauna. Masarar taimako da aka kawo rawaya ce, tana da wani wari da har yau in na tuna yawu ke taruwa mini a baki, ba na marmari ba. Manya da yara, ƙashin wuyan kowa ya fito kamar an rataya masa sarƙa.

Maigidana, Malam Seidu, Allah ya jiƙansa, dillalin shanu ne. Shanun da ake korowa daga arewa a shekarar, ƙaho ne da haƙarƙari. Gidan nasa ne, ni ce kuma mai faɗa a cikinsa. Ni ke raba kwanan shara, ni ke cewa yau wance ce da wankin kwata. Sana'ata koko da ƙosai, amma wake ya ɓace, sai kokon kaɗai, shi ma tsararo kamar ruwan wanki.

Matar da nake faɗa, Filisiya, tana ɗakin da ke kallon nawa. Badagatiya ce daga arewacin ƙasar nan, 'yar cocin Roman, doguwa, busasshiya, ba ta dariya. Mijinta malamin makaranta ne, ya tafi Agege ta Legas neman kuɗi, da kowa ya dawo shi bai dawo ba. Ya bar ta da yara huɗu, babbar Mariya ba ta kai ɗaukar bokiti cike ba, ƙaramin yana goye. Makarantar boko ta zama kango, malamai sun watse, wanda ya rage sai ya aiki yara neman itace. Sai ta janye nata 'ya'yan ta ce ita za ta koyar da su, don ta taɓa koyarwa kafin aure. Shi ya sa muke ce mata Ticha, kuma ba don girmamawa ba.

Abin da ya fara haɗa mu, bangona. Na tashi wata safiya na tarar ta fasa tsohon batir ta shafe bangon barandar da baƙinsa, ta yi allo, tana rubutu a kai da farar ƙasa.

Na ce, "Ticha, gidan ubanki ne?"

Ta ce, "Mma Adiza, ranar da zan tashi zan wanke."

"To Allah ya kawo ranar kusa."

Ko kallona ba ta yi ba, ta ci gaba da rubutunta.

Yini a gidan nan haka yake tafiya. Da asuba in hura wuta in ɗora ruwan koko, maza su tafi masallaci, Ticha da yaranta kuma su fara waƙarsu ta safe a ɗaki, da muryoyin yunwa. Gari na wayewa ta fito da su baranda, kowa da guntun allonsa. Su yi ta maimaita Turanci kamar kwaɗi, ita tana tsaye da goyo, hannu ɗaya farar ƙasa, ɗayan tana ɓare gyaɗar da za ta soya ta ƙulla. Wannan ya ce fitsari, wancan ya ce cikinsa, na goye ya ja nono ya ga babu komai ya cije ta. In ta zauna su hau ta. In ta shiga ɗaki su bi ta. Ga gidan haya kuma: turmi, kukan yara, akuya, faɗan kwata, mai rediyo, mai tari. Mu mun saba. Mu in kai ya yi zafi sai mu zazzaga wa juna ruwan masifa mu huce. Ita ba ta iya faɗa ba, sai ta haɗiye.

A cikin wannan hali wai kuma suna azuminsu na kwana arba'in. Da na ji na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce mata, "A bana wa ba ya azumi? Har akuyata tana yi."

Ran nan ta zo ƙofata, kamar dai yadda Gifti ta zo. Ta ce in ƙararrawar cocinsu ta buga da tsakar rana, tana son a ɗan yi mata shiru, ko kafin a kira azahar, ta yi addu'a.

Na ce, "Ki koma cocin mana."

"Da yara huɗu? A can ma ni ce mai tsawata musu."

"To ki tsawata wa gidan nan mu gani."

Fusena, matar wani direban motar haya, trotro, da ke ɗakin kusa da zaure, tana jin mu. Washegari ƙararrawa na bugawa ta jawo turmi tsakiyar gida ta hau daka. Turmin babu komai a ciki, na gani da idona. Ban hana ta ba.

Daga nan Ticha ta koma ɓuya a banɗaki. Ta shiga da bokitin da ruwansa bai rufe gindinsa ba, ta ja ƙyauren kwano, shiru. Mata su taru suna dukan ƙofa. "Ticha, haihuwa kike yi a ciki?" Yaranta kuma su jeru a bakin ƙofar, mai kuka na yi, mai leƙe ta ƙasa na yi. Da na kafa doka cewa wanka ba zama ba ne, wannan ma ta ƙare.

Ranar da na san abin ya yi nisa, Mariya ce ta karya farar ƙasar rubutu. Abu kaɗan. Ticha ta ɗaga muciya sama, kan yarinyar ta nufa, ba baya ba. Hannun ya tsaya a sama. Sai ta saki muciyar, ta zauna a ƙasa daɓas, ta toshe kunnuwanta da tafukan hannu biyu. Na zo na janye yarinyar.

Na ce, "Ba a kisa a gidana."

Ta ɗago, idanunta a bushe. Ta ce, "Mma Adiza, kaina ya cika. Ina buɗe baki in yi addu'a, muryar yara nake ji a ciki. In ban samu inda zan zauna ni kaɗai ba, wata rana hannun nan ba zai tsaya ba."

Na ce ta je ta gaya wa Fadan cocinsu. Me zan ce? Ni na kore mata miji?

Ba a jima ba paipun unguwa ya ƙafe gaba ɗaya. Ruwa sai a wani ido da ke gangare, bayan layin dogo, rami ne a cikin jar ƙasa da ruwa ke tsatsowa a gindinsa. Da asuba ana dambe a wurin, Tonawa 'yan ƙasa da mu mutanen zango, a kwashe shi tas har laka. Daga nan sai a jera bokitai da garewani a layi, kowane gida da nasa jerin, a bar mutum ɗaya yana tsaro. In babu mai tsaro, ki dawo ki tarar an shure bokitinki gefe ko an yi gaba da shi. Mai tsaron ita ce kuma za ta riƙa sauka ramin da ƙoƙo, in ruwa ya ɗan taru ta kwarfa ta zuba. Na safe da na yamma ana samun mai yi. Na tsakar rana ne kowa ke gudu. Babu inuwa a wurin ko ta tsinke, ƙarfen dogo yana hucin wuta, ƙasa tana cin tafin ƙafa. Wata 'yar gidanmu ta taɓa faɗuwa a can aka kawo ta a baro. Duk ranar da na raba layin nan sai an zage ni a bayan ido.

Sai Ticha ta ce ita za ta karɓa. Ba kwana ɗaya ba, kullum.

Fusena ta ce, "Nawa za a biya ki?"

"Ba ko sisi."

Muka dubi juna. A shekarar da mutum ke ɓoye wa ɗan'uwansa gishiri, wa ke kyauta? Amma rana ce, kuma ba a kanmu za ta sauka ba. Na ce ta je.

Haka aka shiga yi. Kafin rana ta take ta ba kowane yaro aikin da zai rubuta, ta kwantar da ƙaramin, ta ɗora tsohon buhu a ka ta fita. Bayan azahar mu bi ta mu ɗauko bokitanmu, kowanne da rabonsa daidai, ba ta fifita nata. Ta yi baƙi ƙirin, leɓɓanta suka tsattsage. Amma abin haushi, sai ta dawo da wata fuska a sake kamar wadda ta ci ta ƙoshi. Ta daina daka wa yara tsawa. Har na ji ta tana yi musu wasa. Mu muna nan muna cin junanmu, ita tana dawowa daga cikin wuta da sanyin rai. Wannan ya tsaya wa mata a wuya, ni ma ya tsaya mini.

Fusena ce ta je da wuri wata rana, ta dawo a guje ba bokiti, mayafi a hannu.

"Mma Adiza! Mun shiga uku! Matar nan tsafi take yi mana a ruwa! Na gan ta a durƙushe gaban bokitanmu da carbinsu mai gicciye, bakinta na motsi, tana yi musu alama da hannu, goshi, ƙirji, kafaɗa. Ruwan coci take mayar mana da shi! Da shi muke alwala, da shi muke ba yara. So take mu wayi gari duk mun zama 'yan Roman!"

Gida ya kama da wuta. Da aka kawo ruwan ranar, Fusena ta ɗaga bokitinta a gaban kowa ta tuntsurar a ƙasa. Ruwa, a wannan shekara! Ƙasa ta shanye shi kafin ki ƙifta ido, akuyata tana lasar wurin. Wata ta ce dama ɗanta yana ta firgita cikin barci. Wata ta ce tun da ta fara shan ruwan nan take makara sallar asuba. Suka ce a cire ta daga layi yau, kuma in Malam ya dawo a fitar mata da kaya.

Ticha tana tsaye a bakin allonta, yaranta sun rirriƙe mata zane. Maganar kaya ba ta motsa ta ba. Da aka ce layi ne na ga ta dafa bango.

Na ce kowa ya rufe mini baki, ba a yanke hukunci a gidana da ganin Fusena, wadda ko kuɗin mota ba ta iya ganewa. Gobe ni zan je.

Na je. Na bar ta ta yi nisa, na bi ta baya, na tsaya bayan wani tarin ƙarafan dogo. Zafin ya shigo mini ta takalmi. Wurin tsit, ko tsuntsu babu, sai ƙarar kwanon bokiti in rana ta gasa shi. Tun da aka kawo ni Kumashi ban taɓa jin shiru irin wannan ba, har kunnena ya riƙa yi mini ƙara. Ta sauka rami ta kwarfo abin da ya taru. Ƙararrawarsu ta bugo daga nesa. Ta shimfiɗa buhun a ƙasa ta durƙusa, ta yi alamar nan a jikinta, jikinta fa, ba bokiti ba. Bokitan dai suna gabanta ne don nan ne wurin ya fi lafewa. Ta ja carbi kaɗan, sai ta bari. Ta zauna kawai, ido a rufe, hannu a cinya, gumi na ɗiga daga haɓarta. Ba ta cewa komai. Ta daɗe a haka, har na ƙosa.

Na fito na ce, "Wannan ce addu'ar? Ai barci kike yi."

Ba ta firgita ba. Ta ce, "Tun daga gida na san kina bayana. Takalminki yana kuka."

"Me kike gaya wa ruwanmu?"

"Ba ruwana da ruwanku. Ba na ma gaya wa kowa komai. Duk yini ni ke magana. Nan nake yin shiru, ko shi zai ce wani abu."

"Ya ce?"

"Bai ce ba. Amma ba ya ja mini zane."

Na ce, "Fusena ta ce so kike ki mayar da mu 'yan Roman."

Sai ta dube ni, karo na farko da na ga haƙoranta. Ta ce, "Ke? Mma Adiza, in kika shigo cocinmu ni fita zan yi."

Na ce Allah ya tsare ni da wurin da ake shiga da takalmi. Na ɗauki bokitina na yi gaba.

Da yamma na tara matan gida. Ban ce musu tana da gaskiya ba, ba aikina ba ne in wanke Kirista. Na ce, "To, an cire Ticha daga layi. Wa za ta karɓi tsakar rana? Fusena, gobe ke ce, jibi ma ke ce, tunda ke kika fi mu tsoron Allah."

Fusena ta ce ita jiri take yi. Wata ta ce tana shayarwa. Wata ta fara gyaran ɗankwali. Na bar su suka gama kame-kame, sannan na yanke: Ticha za ta ci gaba, amma in za ta durƙusa ta ba bokitanmu baya, ta matsa nesa da su, kuma kowa ya rufe nasa da faranti. Wadda zuciyarta ba ta kwanta ba ta yi bisimilla kafin ta sha, dama haka aka ce mu yi. Maganar kaya kuma, ni ke kai magana gaban Malam, kuma ban ga ta kaiwa ba.

Ticha ba ta ce na gode ba. Ta ce, "Baya zan ba su. Dama sun ishe ni da kallo."

Kada ki ɗauka a banza na sha. Tana fita, yaran nan sai su watsar da alluna su taho ƙofata, don a nan ake kankare tukunyar koko. In kore su su dawo. Ƙaramin ya farka ya buɗe maƙogwaro. A wurinmu ba a tatsuniya da rana, to sai in ba su labarin hanyar shanu da kurayen da ke bin garke, in tsorata su su yi tsit. Ita tana can tana jin daɗin shirunta, ni an bar ni da makarantarta. Sau nawa ina cewa gobe zan soke abin nan.

Ruwan ya zo wata la'asar, bayan mun gama fid da rai. Gabas ta yi baƙi, iska ta taso da ƙamshin ƙasa, ɗigon farko ya faɗo a kan kwano kamar an jefo tsakuwa. Sai ya ɓalle. Muka fito da duk abin da ke da baki, bokiti, tukunya, garwa, har butar Malam. Ruwan farko baƙi ne da toka, muka bar shi ya wuce, na bayansa fari tas. Yara tsirara suna tsalle a kwata. Fusena tana guɗa tana kuka. Ni kaina na tsaya a ƙarƙashin indararo da zanena, na buɗe baki.

Da na share ido na hango Ticha a baranda. Ta tara nata ruwan kamar kowa. Amma tana tsaye tana kallon gangunan gidan suna cika suna tumbatsa, fuskarta kamar an aiko mata da mutuwa.

Washegari ma aka kwana ana yi. Paipu ya yi tari ya kawo. Ba mai sauran zuwa gangare. Rana ta take, ƙararrawarsu ta buga, tana tsaye gaban allo da farar ƙasa a hannu, wannan yana ja, wancan yana kuka, rediyo na yi, an dasa turmi. Fusena ta leƙo tana yatsina.

"Ticha, yau ba za a je coci ba? Ai na ji kwaɗi sun karɓe shi."

Mata suka kwashe da dariya. Na ga farar ƙasar ta dagargaje a cikin hannunta, na ga idonta ya sauka a kan Mariya.

Na ɗauki bokitina na wurga shi, ya yi ƙara a gaban ƙafarta.

Na ce, "Tsayuwar me kike yi? Ruwan kwano yana sa mini koko warin tsatsa. Na gangare nake so. Tashi."

Fusena ta ce, "Haba Mma Adiza, shekara nawa kina dama koko da ruwan sama?"

"Kokonki ne? Na ce yana wari."

Ticha ta dubi bokitin, ta dube ni. Ta sunkuya ta ɗauka, ta ɗora buhunta a ka. A bakin zaure ta juyo ta ce, "Kar ki ba su labarin kurayen nan. Suna yi mini fitsarin kwance."

Shi na ba su, har da kukan kurar.

Bayan azahar ta dawo, ƙafafunta duk taɓo, ta dire mini bokitin. Ruwan jajir da laka, har da ɗan kwaɗo a ciki, ko akuya ba za ta sha ba. Na tuntsurar da shi a kwata a gaban idonta, na miƙa mata bokitin.

Na ce, "Gobe ki cika shi."